Wa Ke Sayen Kayan? Sharhi kan Kasuwancin Rezo na Kayan Kwalliya

Duk ɗalibar da ke riƙe da salula a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ta san irin saƙon nan. Wata ƙawa da kuka rabu tun lise, wadda ko barka da salla ba ta turo miki, sai ga ta ta faɗo WhatsApp da doguwar gaisuwa: ina gajiya, ina su Inna, ya karatu. Kafin ki gama amsawa ta ce akwai wata dama da take so ta nuna miki, don ta san ke mai himma ce. Sai hotuna su biyo baya: man shafawa, sabulu, jan baki, hoda, turare, ga wata hajiya tsaye jikin mota tana kaɗa makulli. Ranar Asabar akwai taro a wani otel, shiga kyauta ne, ki zo da ƙawa ɗaya.

Sunan abin kasuwancin rezo. Kamfani yana da kaya, amma ba ya kai su kanti. Mutane yake ɗauka a matsayin wakilai, kowace ta biya kuɗin shiga, ta sayi kaya da kuɗinta, ta sayar wa dangi da abokai. An ce mata hanyar samu biyu ce. Ta farko ribar abin da ta sayar. Ta biyu kuma la'adar da za a riƙa ba ta kan duk kayan da mutanen da ta shigar suka saya, da na waɗanda su ma suka shigar, haka har ƙasa. Wadda ta shigar da ke ita ce uwar ɗakinki, waɗanda kika shigar su ne yaranki. Kowa yana da na sama da shi, kowa yana neman na ƙasa da shi.

Abin da nake so mu duba a wannan sharhi tambaya ɗaya ce: a cikin wannan tsari, wa ke sayen kayan? Amsar da zan kare ita ce, wakiliyar da aka ce mata ƴar kasuwa ce, ita ce babbar mai sayen kamfani. Da zarar ta biya kuɗin oda, cinikin kamfani ya faɗa, na uwar ɗaki ma ya faɗa. Ko man ya shiga hannun mai shafawa, ko ya kwana ƙarƙashin gado har ya lalace, wannan ya zama matsalarta ita kaɗai.

Mu fara da dillaliya

Sayar da kayan kwalliya gida-gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a haifi iyayenmu akwai dillaliya. Ita ce ke ɗaukar atamfa, ɗan kunne, kwalli, lalle, humra da turaren wuta ta shiga gidajen matan da ba su fita kasuwa. Mu lura da abu uku game da sana'arta. Na ɗaya, ba ta biyan ko dala don a ba ta izinin dillanci. Na biyu, kayan na mai kaya ne. Abin da aka saya ta karɓi la'adarta, abin da ya yi kwantai ta mayar wa mai shi. Na uku, ba za ki taɓa ganin dillaliya ta tara matan unguwa tana roƙonsu su ma su zama dillalai ba. In kowa ya zama dillali, wa za ta sayar wa?

Kasuwancin rezo ya juya waɗannan uku duka. Ke za ki biya don a bar ki ki sayar. Ke za ki sayi kayan, kwantai naki ne. Sannan ana matsa miki ki mayar da masu sayenki abokan takararki. Ƙawar da ke sayen sabulu a wurinki jiya, yau kin shigar da ita, tana samun sabulun a farashin wakilai, kuma tana bin mutanen da kike bi. Mai tireda a kasuwar Dole ko Katako in ya ga an buɗe shago irin nasa a gefensa, ransa ɓaci yake. Kamfanin da ke murna a samu wakilai hamsin a unguwa guda ya gaya miki inda kuɗinsa ke fitowa, ko da bai buɗe baki ba.

Inda abin ya samo asali

Wannan tsari a Amurka ya girma, kuma kayan kwalliya suna cikinsa tun farko, don haka tarihinsa a can ya cancanci mu sani. Adalci ne a ce sayarwa ƙofa-ƙofa ta taɓa yi wa mata rana. Kamfanin da ya zama Avon ya fara a 1886, ya ba mata hanyar samun kuɗin kansu shekaru da yawa kafin a ba matan Amurka ƴancin jefa ƙuri'a a 1920. A wancan lokaci wakiliya tana sayarwa ne ta ci ribarta, kusan kamar dillaliyarmu. Abin ya sauya fuska ne da aka shigo da la'adar hawa-hawa, inda shigar da mutane ya fi sayar da kaya kawo kuɗi.

A 1964 wani mai suna William Penn Patrick ya kafa Holiday Magic a Kalifoniya, kamfanin kayan kwalliya. A 1967 Glenn Turner ya kafa Koscot a Fulorida, yana tallar mayuka masu kitsen wata dabba da ake kira mink. A duka biyun abin da ake sayarwa da gaske shi ne matsayi: ka biya dubban dalolin Amurka a naɗa ka babban wakili, sannan ka nemo wasu su biya kai ma ka samu kaso. Ana tara mutane a manyan zaurukan otel, a yi ta kirari da tafi, ana nuna musu tufafi masu tsada da motoci. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta bi su duka biyun. A hukuncin Koscot na 1975 ta fitar da ma'aunin da har yau ake aiki da shi: in mutum yana biyan kuɗi don a ba shi damar sayarwa, kuma ana saka masa kan shigar da wasu ba tare da la'akari da ko kayan sun kai ga masu amfani da su na gaskiya ba, to wannan damfarar dala ce.

A 1979 kuma hukumar ta yanke cewa Amway, wanda aka kafa a 1959, bai faɗa cikin wannan ma'auni ba. Dalili shi ne kamfanin ya nuna dokoki uku da ya ce yana bi: wakili ya sayar wa mutum goma na waje kowane wata, ya sayar da kashi 70 cikin ɗari na kayan da ke hannunsa kafin ya sake oda, kuma kamfani ya karɓi kayan da suka yi kwantai. Wannan hukunci ne ya buɗe wa ɗaruruwan kamfanoni ƙofa. Kowa ya kwafi dokokin ya sa a takarda. Tambayar da ya kamata mu yi a nan gida ita ce: wa ke bin sawun wakiliya a Tudun Wada ko Birni ya ga ko ta sayar wa mutum goma? Wa ya taɓa ƙin karɓar odarta don na watan jiya bai ƙare ba?

Misalin da ya fi shahara shi ne Mary Kay, wanda Mary Kay Ash ta kafa a Dallas a 1963. Shi ne mai ba manyan wakilansa mota Cadillac ruwan hoda. Wakiliya tana sayen kaya a rabin farashin da ke cikin kundin talla, wato a takarda ribarta rabi ce. Amma don ta ci gaba da samun wannan rangwame, an daɗe ana bukatar ta yi odar akalla dalar Amurka 225 duk wata uku, wato sama da jika ɗari da ashirin a kuɗinmu. La'adar uwar ɗaki, daga kashi 4 zuwa 13 cikin ɗari, ana lissafa ta ne kan odar da yaranta suka yi wa kamfani. Ita kuwa motar, haya kamfani ke biya, kuma in odar ƙungiyar mace ta yi ƙasa, sai ta cika kuɗin hayar daga aljihunta ko ta mayar. A 2012 ƴar jarida Virginia Sole-Smith ta wallafa dogon bincike a mujallar Harper's kan matan da suka cika ɗakunansu da kayan kamfanin da bashin banki don su riƙe matsayinsu. Ba dole sai kamfani ya ce wa kowa ta ci bashi ba. Ya isa ya tsara abin yadda duk wadda ke sama da ke za ta ci riba in kin yi oda, kuma ba ta asarar komai in kin kasa sayarwa.

A yi lissafi

A taron otel ana zana da'irori a allo: ke ki kawo biyar, kowace ta kawo biyar, ki kwanta kuɗi na shigowa. To, mu ƙarasa musu zanen. Hawa na farko mutum 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625, na biyar 3,125. A hawa na takwas ana bukatar mutum 390,625, wanda ya zarce yawan mutanen birnin Maraɗi a ƙidayar 2012, har da jarirai da tsofaffi. A hawa na goma sha ɗaya ana bukatar sama da miliyan 48, wato Nijar gaba ɗaya ba ta isa ba. A hawa na goma sha biyar mutanen duniya duka sun yi kaɗan. Kuma duk inda aka tsaya, kusan mutum takwas cikin goma suna hawan ƙarshe ne, ba su da kowa ƙarƙashinsu. Waɗanda suka ga dalar gyaɗa a zamanin da sun san buhunan ƙasa ne ke ɗauke da nauyi, kuma su ne suka fi yawa. Ko da kowa ya tashi da asuba ya yi aiki kamar jaki, lissafin ba zai sauya ba.

Alkaluman da aka tattara a Amurka sun bi wannan lissafi. Binciken da gidauniyar AARP ta fitar a 2018 ya samu cewa kashi 47 cikin ɗari na waɗanda suka shiga irin wannan kasuwanci asara suka yi, kashi 27 ba riba ba asara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ce sun ga riba. A watan Satumba na 2024 ma'aikatan FTC suka duba takardun samun kuɗi da kamfanoni 70 suka wallafa da kansu. A yawancinsu akasarin wakilai ba su wuce dalar Amurka 1,000 a shekara ba, wato ƙasa da 84 a wata, abin da bai kai ladan aikin kwana biyu a mafi ƙarancin albashin ƙasar ba. Kuma yawancin takardun ba su cire kuɗin da wakilai suka kashe ba. A 2016 kamfanin Herbalife, mai sayar da kayan rage ƙiba da na gyaran jiki, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 200 kuma ya sake tsarinsa, aka raba kuɗin ga mutum kusan 350,000 da suka yi asara. Wannan fa a ƙasar da mutane ke da kuɗin sayen mai mai tsada kenan, kuma akwai hukumar da za ta iya karɓo musu wani abu.

Yanzu mu kawo lissafin ɗakin ɗaliba. Misali ne kawai, kowa ya sa alkaluman kamfanin da ya sani. Mu ce ta zuba jika 50 ta karɓi kayan da aka rubuta za a sayar jika 70. An ce mata ribar jika 20 tana jiranta. A wata guda ta yi ƙoƙari ta fitar da rabi, na jika 35. Amma jika 15 a ciki bashi ne, don goggo ta ce sai ƙarshen wata, ƙawa ta ce sai burs ta fito. Abin da ya shigo hannu jika 20. Cire kuɗin kabu-kabu na kai kaya da zuwa taro, jika 5. Cire kuɗin intanet na ɗora hotuna da kiran waya, jika 5. Cire tikitin taron horo, jika 2. Saura jika 8 cikin jika 50 da ta zuba, ga rabin kaya a akwati. Kafin ta numfasa wata ya mutu, uwar ɗaki ta kira: makinki bai cika ba, in ba ki yi odar jika 25 ba za ki sauka daga matsayinki. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata, wa za ta sayar wa man jika goma sha biyu kowane wata, alhali ga man kaɗanya da basilin a kasuwa?

Sannan kayan kwalliya ba atamfa ba ne da za a ajiye shekara biyu. Suna da ranar lalacewa. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wuta tana ɗaukewa, jan baki ya narke cikin kwalinsa, mai ya tsinke ruwa ya rabu da kitse. Abin da bai lalace ba wakiliya ta fara shafa wa kanta don kada ya tafi a banza, ta raba saura a biki. A littafin kamfani duk wannan an rubuta shi ciniki.

Asarar da ba a rubutawa

Asarar kuɗi ana iya mayar da ita. Akwai wadda ta fi ta wuyar gyara. Darasin farko da ake koya wa sabuwar wakiliya shi ne ta zauna ta rubuta sunan duk wanda ta sani: ƴan ɗaki, ƴan aji, ƴan makarantar allo, dangin uwa, dangin uba, matan yayye. Wannan takarda ita ce ainihin abin da kamfani ya zo nema. Kamfanin da ke sayarwa a kanti sai ya biya talla a rediyo da talabijin, ya biya hayar shago, ya biya ma'aikata albashi. Wannan kuwa ya samu abin da ya fi talla ƙarfi a kyauta, wato kunyar da ke hana Bahaushe cewa a'a ga ɗan uwansa. Goggo ba don man ta saya ba, don ke ta saya. Sau ɗaya za ta yi, sau biyu da ƙyar. A na uku in ta ga kiranki sai ta kife wayar.

Haka zumunci ke zama jari ana cinye shi kaɗan-kaɗan. Biki, suna, zaman makoki, ko'ina jaka na rataye a kafaɗa. Ƙawaye su daina gaya miki inda za su haɗu. Gaisuwarki ta zama abin zargi, ko da ranar da gaisuwar kawai kika yi niyya. An ce zumunta a ƙafa take. To ƙafar da ba ta zuwa sai da kundin talla, masu gida sun gane takunta.

Sai kuma ƙarya, wadda ba a kiranta da sunanta. Ana cewa ki nuna nasara kafin ta zo. Ki ɗauki hoto a gaban otel, ki ɗauki hoto da kuɗin da na oda ne, ki rubuta godiya ga Allah da ya haɗa ki da wannan kamfani. Wadda ke gani daga nesa tana yi wa rogo kallon kitse, ita ma ta shigo. Wadda ta ɗora hoton ta san abin da ke cikin akwatinta, amma ba ta da bakin faɗa, don yaranta suna kallo, kuma in suka karaya makinta ya zube. Ɗaki guda zai cika da mata talatin, kowace tana asara, kowace tana zaton ita kaɗai ce, don sauran ashirin da tara suna tafi.

In ta kai ƙara wurin uwar ɗaki, amsar a shirye take. Ba ki dage ba ne. Ba ki yarda da kanki ba. Kina zama da masu kashe gwiwa. Wannan na ƙarshe ya fi muni, don masu kashe gwiwar su ne mahaifiyar da ta tambayi ina kuɗin rajista, da yayan da ya ce a kawo littafin lissafi, da ƙawar da ta ce ba ta shiga. Tsarin da ke koya wa yarinya ta guji duk mai yi mata tambaya ya raba ta da masu iya ceto ta. Daga nan sai ɓoye-ɓoye: an taɓa kuɗin haya, an ɗauki adashi kafin lokaci, an kai ɗan kunnen zinari jingina, matar aure ta taɓa kuɗin cefane tana fatan ta mayar kafin maigida ya lura. Ɗaliba kuma ta bar amfi ranar darasi ta tafi taro, jarrabawa ta zo ta same ta da kundin talla a hannu.

Abin da ya fi cin rai shi ne wadda aka cuta ita ce ake sawa ta cuci wata. Hanya ɗaya da ta rage mata ta rage asara ita ce ta shigar da ƙanwarta ko aminiyarta, alhali ta riga ta san yadda abin yake. Shi ya sa ba na ganin amfanin zagin ƙawar da ta turo saƙo. Mafi yawansu kura ce da shan bugu, gardi yana can wata ƙasa yana karɓar kuɗi.

Abin da masu kare shi ke cewa

Suna cewa akwai waɗanda suka samu. Gaskiya ne, akwai. Wadda ta shigo da kamfani gari tun farko, ta tara ɗaruruwa ƙarƙashinta, tana iya sayen mota. Sai dai a tambayi daga ina kuɗin motar ya fito. Daga odar na ƙasa ne, waɗanda yawancinsu ba su mayar da uwar kuɗinsu ba. Nasararta da asararsu kuɗi ɗaya ne aka duba ta fuska biyu. Kuma ko ita ba ta mallaki abin da ta gina ba. A 2024 kamfanin man fata na Rodan + Fields ya sanar cewa ya daina biyan la'adar hawa-hawa daga 1 ga Satumba. Matan da suka shekara goma suna tara mutane suka wayi gari abin da suke kira kasuwancinsu ya tafi da sanarwa guda. Mai tebur a bakin kasuwa, komai ƙanƙantarsa, ba wanda zai rufe shi daga wata nahiya.

Suna cewa kayan suna da kyau. Wasu suna da kyau, ba musu. Amma mai kyau ba ya bukatar a tilasta wa mai sayar da shi ta saya kowane wata. Kuma farashinsa dole ya ɗauki la'adar hawa biyar ko shida, shi ya sa yake ninka na kanti. Ga gwaji mai sauƙi: cikin masu shafa man nan, nawa ne ba wakilai ba, kuma suka dawo da ƙafarsu suka sake saye ba a roƙe su ba?

Suna cewa kowace sana'a da kasada. Haka ne, mai sayar da ƙosai ma tana iya kwantai. Bambancin shi ne ita ke yanke farashinta, ita ke zaɓen inda za ta sayi wake, in kasuwa ta mutu ta rage ƙullu, kuma ba wanda ke cin riba daga kwantanta. A rezo an cire miki duk wannan iko an bar miki kasadar kaɗai.

Suna cewa da haram ne da gwamnati ta hana. Wasu gwamnatocin sun hana. Faransa ta haramta sayarwa mai ninkin shigar da mutane tun dokar 5 ga Nuwamba 1953. Sin ta dakatar da duk sayarwa ta wakilai a 1998, da ta sake buɗewa a 2005 kuma ta hana la'adar hawa-hawa. Takardar rajista da ake nuna muku a taro shaida ce cewa kamfani ya yi rajista. Ba ta ce za ku ci riba ba.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta ƙarshe: to me za mu yi? Aiki babu, burs ba ta zuwa kan lokaci, mai digiri yana zaune a fada yana dafa shayi, yarinya tana son ta sayi sabulunta ba ta roƙi saurayi ba. Wannan bukata gaskiya ce, kuma abin a yaba ne. A kanta ne ma ake kafa tarkon. Amma rashin aiki dalili ne na a riƙe ɗan abin da ke hannu da kyau. Wadda ba ta da komai sai jika hamsin ita ce ta fi kowa rashin halin zubar da su.

Abin da muke da shi a gida

Ba sai mun je nesa neman misalin tsarin da mata ke taruwa su amfana ba. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da matan karkara suka fara Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a asusu, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta mayar da ɗan ƙari, in zagaye ya cika a fasa akwati a raba a gaban kowa. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A ajiye shi gefe da rezo a gani. A asusu kuɗi yana zagayawa ne cikin ƙungiya, a rezo hawa yake yi ya fita ƙasar. A asusu ana ƙirga kuɗi da babbar murya, a rezo kowa na ɓoye asararta. Asusu yana cika da mutum ashirin ko talatin a rufe ƙofa, rezo in ya daina samun sababbi ya fara rushewa. Jika hamsin ɗin nan in aka sa su a lalle, ko kitso, ko haɗa humra, ko sarin sabulu daga babbar kasuwa, ba za su kawo mota ba, amma mai su ta san inda kowace dala ta shiga.

Don haka ƴar uwa, kai ma ɗan uwa, don samari ma ana jan su, in aka gayyace ku taro ku tafi da biro da tambayoyi biyar. Nawa zan biya kafin in fara, kuma nawa ne dole in saya kowane wata don kada in sauka? Cikin wakilan garin nan, nawa ne suka ci riba bara bayan an cire abin da suka kashe, kuma ina takardar? In ban shigar da kowa ba, sayarwa kawai na yi, nawa zan samu? In kaya suka yi kwantai, wa zai karɓa, a nawa, a wane ofis, kuma an rubuta? Ke da kike gayyata ta, nawa kika zuba, nawa kika fitar, zan iya ganin littafinki? Mai sana'ar gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In aka amsa da labarin wata hajiya mai mota, ko aka ce dama ce da za ta wuce yau, ku ɗauki takalmanku.

Wadda kuma ta riga ta shiga, ba abin kunya ba ne. An tsara abin ne don ya kama masu himma. Ta dakatar da oda wannan watan, ko me uwar ɗaki za ta ce. Ta ɗauki takarda ta rubuta duk abin da ta zuba tun ranar farko, har kuɗin kabu-kabu, a gefe guda kuma abin da ya shigo hannunta tsaba, ban da bashi, ban da maki. Ta karanta yarjejeniyar da ta sa wa hannu ta ga ko akwai damar mayar da kaya, ta nema a rubuce kafin wa'adi ya wuce. Abin da ba a karɓa ba ta karya farashi ta fitar kafin zafi ya cinye shi. Sannan ta kira waɗanda ta shigar, ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu takardar lissafin nan kafin ranar odarsu ta gaba ta zo.